Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnonin Arewa: Albashin Malamin Firamare Ba Ya Kai Shi Tsakiyar Wata

Masu Girma Gwamnonin jihohi 19 na Arewa,

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Ni malamin firamare ne a ɗaya daga cikin jihohinku. Na haura shekara 20 da alli a hannu. Na koyar a ƙauyen da sai an tuɓe takalmi an ƙetare rafi da damina kafin a isa makaranta, na kuma koyar a cikin gari inda aji ɗaya ke ɗaukar yaro fiye da ɗari, wasu a tabarma wasu a dandaryar ƙasa. Yaran da na koya wa baƙi da wasali wasunsu sun yi aure, har sun fara kawo mini nasu 'ya'yan. Ban taɓa rubuta wa hukuma wasiƙa a bainar jama'a ba, domin an hore mu a kan cewa ma'aikaci matakala yake bi: hedimasta, sakataren ilimi, sannan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Mun bi matakalar nan shekara da shekaru, takardunmu na nan kwance a fayil. Shi ya sa yau na zo ƙofarku kai tsaye, ina roƙon ku daure ku karanta har ƙarshe.

Bari in fara da ranar da albashi ke shigowa. Wayar ɗayanmu takan yi ƙara a ofishin hedimasta, sai ka ga kowa ya kai hannu aljihu. "Alat ne?" Da can ranar farin ciki ce, har mutum ya tsaya ya sayi tsire ya kai wa iyali. Yanzu kafin in isa gida sai na biya ta wurin mai shagon unguwarmu. Ya ɗauko littafin nan nasa da bangonsa ya sha maiƙo, ya buɗe shafin da ya rubuta "Malam" a samansa. Sukari, omo, man gyaɗa, taliya, sabulu, kowanne da ranar da yaro ya zo ya karɓa. In biya na watan jiya, ya ja layi, kafin mako ya zagayo ya buɗe mini sabon shafi. Daga nan sai mai hatsi, sai mai kemis, sai zubin adashe. Banki kuwa ya riga ya zare nasa tun kuɗin bai taɓa hannuna ba. Zuwa 10 ga wata aljihu ya koma yadda yake, sauran kwana 20 ɗin a hannun Allah da mutuncin da mai shago yake gani na. Kuma ni ina cikin masu dama-dama, don na daɗe a aiki, matakina ya ɗan hau. Ku ƙiyasta halin wanda aka ɗauka da takardar shaidar malanta ta NCE a mataki na 7, ga mata ga 'ya'ya ga tsofaffin iyaye.

Na san za a ce ai an yi ƙari. An yi. A 2011 mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne. A 2019 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a kan 30,000. A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan 70,000. Wanda ya dubi lambobin nan a takarda zai ce ma'aikaci ya ci gaba har kusan ninki huɗu. To mu auna su da man fetur, tunda shi ne ke ja wa komai farashi a ƙasar nan, daga kuɗin mota har niƙan gari. A 2011 lita naira 65 ce, wato 18,000 na sayen lita 276. A 2019 lita 145 ce, 30,000 na sayen lita 206. A ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000, sabon albashin 70,000 bai fi ƙarfin lita 70 ba. Man ya ɗan sauko daga baya, amma ko rabin lita 206 ɗin nan albashin bai koma saye ba. A shekarar da aka yi ƙarin, buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi mafi ƙarancin albashin tsada. Mutum ya yi wata guda yana aiki, ladan bai kai buhu ɗaya ba.

Idan da dala aka auna ma haka zancen yake. Naira 30,000 ta 2019 ta ɗan haura dala 80. Naira 70,000 ta 2024, bayan an saki naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa tun watan Yunin 2023, ba ta kai dala 50 ba. Wani zai ce ina ruwan malamin ƙauye da dala. Ruwansa ne ƙwarai. Maganin hawan jinin mahaifiyarsa da dala aka shigo da shi. Takin da zai sa a 'yar gonarsa, tayar babur ɗinsa, takardar da 'ya'yansa ke rubutu a kai, duk dala ce ke yanka musu farashi.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar 2024, ta abinci kuma ta haura kashi 40 a tsakiyar shekarar. Da aka sauya tsarin lissafin a farkon 2025 sai lambar ta dawo kashi 24 da ɗoriya, daga nan ta ci gaba da sauka. Muna jin ana murna a rediyo, muna kuma fatan ta ɗore. Sai dai akwai abin da nake koya wa 'yan aji 6 wanda nake so a tuna da shi a ofisoshin kasafi. Kayan naira 100 idan ya tashi da kashi 30 ya zama 130. Shekara ta zagayo ya sake tashi da kashi 30, ya zama 169. Idan a shekara ta uku aka ce hauhawa ta ragu zuwa kashi 15, kayan nan bai dawo 100 ba, bai ma tsaya a 169 ba, ya kama hanyar 194. Gudun ne ya ragu, tafiyar tana nan. Gaskiya ne masara da gero sun sauko bayan kaka, mun gode Allah, mun ga sauƙin a tukunya. Kuɗin haya bai sauko ba. Kuɗin mota, magani, wuta, ɗinkin yunifom, babu wanda ya waiwayo.

Ba zan hana ku haƙƙinku ba. Da yawanku kun sanar da sabon albashi, wasu har kun ɗora a kan na tarayya: Kano 71,000, Kaduna 72,000, Kebbi 75,000, Neja 80,000. Allah ya saka da alheri. Amma tsakanin sanarwa a gidan gwamnati da wayar malamin firamare akwai tafiya mai nisa, kuma a hanyar nan ne muke ɓacewa.

Malamin firamare ba ya cikin jerin ma'aikatan jiha. Albashinsa daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, ya bi ta hukumar ilimin bai-ɗaya, kafin ya iso. Saboda haka duk lokacin da aka yi ƙari sai a fara da ma'aikatan sakatariya, a ce na ƙananan hukumomi da malamai su dakata a gama tantancewa. Tantancewar nan mun yi ta ba adadi. Mun yi layi a rana da fayil a hammata, da takardar ɗaukar aiki, da takardar haihuwa, da hoton fasfo, an ɗauki zanen yatsunmu, an sake ɗauka. Mace mai tsohon ciki ta yini a tsaye. A gama, a ce rahoto na gaban kwamiti. Idan kuɗin ya tashi fitowa, watannin da aka yi ana jira sun bi ruwa, ba mai sake zancen ariyas. Ko Abuja, inda fadar shugaban ƙasa take, malaman firamare sun rufe azuzuwa daga watan Maris na 2025 har sama da wata uku, domin ƙananan hukumomin birnin ba su biya su 70,000 ɗin da doka ta tanada ba. Yaran talakawa suka rasa zango guda cur. A Zamfara kuwa sai a tsakiyar 2024 aka fara biyan 30,000, daidai lokacin da ake shirin binne ta a ɗauko sabuwa. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024 na a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ya ƙara mana fargaba, domin tsofaffinmu a aikin nan ba su manta zamanin da albashin malami ke hannun ciyaman ba, lokacin da akan yi watanni ba a ga ko kwabo ba.

Sannan ga batun daidaita sauran matakai. Mafi ƙarancin albashi na wanda ke matakin farko ne. Malami mai NCE daga mataki na 7 yake farawa, mai digiri daga na 8. Idan aka ɗaga na ƙasa sosai aka yafa wa na tsakiya 'yan dubbai, sai ka tarar wanda ya shekara 15 yana koyarwa da wanda aka ɗauka bara tazararsu ba ta taka kara ta karya ba. Ƙarin girma kuma ya zama na takarda. Ni kaina ina da takardar ƙarin girma da na ajiye a ƙasan akwati fiye da shekara biyu kafin kuɗinta ya bayyana a albashina, kuma na watannin baya har yau shiru.

Alkawura kam mun sha su. A 2008, bayan doguwar yajin aiki, ƙungiyar malamai ta NUT da gwamnonin ƙasar nan suka amince da ƙarin kashi 27.5 na musamman ga malamai. Wasu jihohi sun biya, wasu sun biya rabi, wasu sun narkar da shi cikin albashi a wani sabon jadawali har ya ɓace. Ranar 5 ga Oktoban 2020, Ranar Malamai ta Duniya, Ministan Ilimi na lokacin Malam Adamu Adamu ya karanta saƙon shugaban ƙasa: tsarin albashi na musamman ga malamai, alawus ga masu koyarwa a karkara, gidaje masu sauƙin kuɗi, da ƙara shekarun ritaya zuwa 65 ko shekara 40 a bakin aiki. Na tuna yadda muka taru a gindin darbejiyar makaranta muna sauraron labarin a rediyon wani abokin aikinmu, wani dattijo a cikinmu har da ɗaga hannu yana hamdala. A cikin jerin nan abin da ya zama doka a 2022 shi ne ƙarin shekarun aiki, shi ma ba kowace jiha ta karɓa ba. An ƙara mana shekarun wahala biyar, albashin da zai sa a iya ɗaukar su bai zo ba. Dattijon nan ya yi ritaya, yana ta zirga-zirgar giratuti.

Ina so ku ga abin da wannan ke haifarwa a cikin aji, don a nan ne asarar take komawa kanku da kan jama'ar da suka zaɓe ku. Ina da abokin aiki, malamin lissafi, wanda ban ga na biyunsa ba wajen sa yaro ya gane rabawa. Da marfin kwalba yake koyarwa. Ya tara su cike da gwangwani, ya zube a ƙasa, ya ce yara biyar su raba talatin da biyu, su gaya masa nawa ya saura. Yaron da ya fi kowa nauyin kai sai ka ga ya gane yana dariya. Wannan bawan Allah da an tashi makaranta yake ninke rigarsa ya sa a leda, ya karɓi babur ɗin haya ya shiga acaɓa har goman dare, ya cire balas ɗin mai babur, ya sayi mai, abin da ya rage a yi cefanen gobe. Wata safiya na leƙa ajinsa na ji tsit. Ya kifa kai a tebur barci ya sace shi, jan biro na hannunsa, littattafan yara a tare a gabansa bai gama makin ba. Yaran kuwa sun yi shiru, sun ƙi tashinsa. Da na yi masa magana daga baya, ce mini ya yi gajiyar ba ta dame shi kamar ranar da ya ɗauki wani fasinja da dare suka yi ta ja-in-ja a kan naira 100, da suka zo ƙarƙashin fitila mutumin ya dube shi ya ce, "Af, Malam, ashe kai ne?" Uban ɗalibinsa ne. Neman halal ba abin kunya ba ne, shi ma ya sani. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne washegari da wane ido zai tsaya gaban yaron ya ce masa ya dage da karatu don ya zama wani abu.

Malamai mata da aka tura ƙauye daga cikin gari, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ke cinye musu babban kaso na albashi. Sai aka koma karɓa-karɓa a ɓoye: wannan ta zo Litinin da Talata, waccan ta riƙe mata aji Laraba. Ba na kare fashin aiki, amana ce aka ci, kuma yaro ne ke biya. Amma hedimastan da ya san abin da ke shiga wayar malamar nan da abin da direba ke karɓa, da wane baki zai rubuta mata takardar tuhuma? Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Masu tasowa kuma suna kallo. Ɗalibaina masu ƙoƙari, idan na ce su nemi kwalejin ilimi, sai su sunkuyar da kai don kunyata. Wanda ya riga ya yi NCE ɗin ma ya gwammace ya kafa lema ya yi POS ko ya sayar da data. Wanda ya shigo aikin, ƙafarsa ɗaya na waje, yana jiran a buɗe ɗaukar kwastan ko imigireshan. Makarantun kuɗi na unguwa ba mafita ba ne, can ma abin ya fi muni, tunda dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. A yankin da ya fi ko'ina yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, muna korar waɗanda za su koyar da waɗanda suka zo.

Ranku ya daɗe, kujerun da kuke kai malamai ne suka kafa su. Sardauna Ahmadu Bello daga Kwalejin Katsina aji ya shiga a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, kuma tun kafin ya shiga siyasa gadan-gadan ƙungiyar malaman Arewa ya fara kafawa a ƙarshen shekarun 1940, don a gyara albashi da darajar malami. Shehu Shagari malami ne a Sakkwato da Argungu. A zamaninsu mafi hazaƙar yaro shi ake turawa koyarwa, kuma uba na alfahari ya ba malami 'yarsa. Yau mai gidan haya na jin ka ce kai malamin firamare ne sai ya fara tunanin yadda zai karɓi kuɗinsa.

Na san abin da ake faɗa a kanmu, kuma ba duka ne ƙarya ba. Akwai sunayen bogi a takardar albashi. Akwai waɗanda aka cusa da takardar ɗan siyasa ba su iya rubuta jimla ba. Kaduna ta yi jarrabawa a 2017, malamai sama da 21,000 suka faɗi aka sallame su, ƙasa ta ɗauka. Ni ba na tsoron jarrabawa, a yi mana, wanda bai cancanta ba a ba shi horo ko a sauya masa aiki. Amma a tambaya, wa ya ɗauke su? Ba malami ke sa hannu a takardar ɗaukar aiki ba, ba shi ke shigar da sunan bogi a kwamfuta ba. Kuma in an kori marasa ƙwarewa, ƙwararrun da ake so su maye gurbinsu da wane albashi za a riƙe su? Duk wanda ya iya lissafin da zai koyar da shi, ya iya lissafin cewa aikin ba zai ciyar da gidansa ba.

Akan ce babu kuɗi. A shekarun baya mun karɓi wannan uzuri, mun yi haƙuri da rabin albashi a wasu jihohin. Yanzu kuwa cire tallafin da ya tsuke mu shi ne ya buɗa muku. Abin da aka raba daga asusun tarayya ya tashi daga naira tiriliyan 10 da ɗoriya a 2023 zuwa sama da tiriliyan 15 a 2024. Kuɗin nan daga aljihunmu ya fito, a gidan mai muka biya shi. Muna ganin gadojin sama, muna ganin sabbin azuzuwa da fenti mai kyau da sunan aiki a jikin bango. Muna so, yaranmu sun gaji da zama a ƙarƙashin rufin da iska ta yaye. Sai dai na taɓa shiga sabon gini mai aji shida, da kujeru da farin allo, malamai biyu ne a makarantar gaba ɗaya.

Wasu masana kuma na tuna mana ƙarin albashin ma'aikata na kwamitin Udoji a 1974, cewa ƙarin albashi shi ke haddasa tsada. A wannan karon tsadar ce ta riga mu, da fiye da shekara guda. Mu biyo ta muke yi da ƙafa.

Babban abin da nake roƙo shi ne a ɗaure albashin malami da farashin kasuwa, ta hanyar doka daga majalisun jihohinku. Kowace Janairu a dubi alƙaluman Hukumar Ƙididdiga na shekarar da ta wuce, a ƙara wa malami gwargwadonsu, ko wani kaso sananne daga ciki da kowa ya san da shi tun kafin a rubuta kasafi. Dokar 2024 ta rage wa'adin duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku, wato sai 2027. Kasuwa kuwa ba ta jiran shekara uku, mai shago kowane mako yake sauya farashi. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Alawus ɗin tsadar rayuwa shi ma'aikatan Najeriya suka yi wa yajin gama-gari a 1945 ƙarƙashin jagoran ƙwadago Michael Imoudu, tun zamanin Turawa, kuma suka samu. A Ghana, da tsada ta yi tsanani a 2022, ƙungiyoyin malamai suka ajiye alli a watan Yuli, gwamnati ta amince da alawus na kashi 15. Me zai sa sai an rufe makarantu, yara sun yi asarar zango, sannan a yi abin da za a iya rubutawa a doka sau ɗaya a huta?

Kafin dokar ta samu, akwai abin da kowannenku zai iya yi da biro ɗaya a wannan watan. A biya malamin firamare rana ɗaya da ma'aikacin sakatariyar jiha, a kan jadawali ɗaya, duk ƙarin da aka yi ya same su tare. A ware albashin malamai tun daga tushe kafin a taɓa kason ƙananan hukumomi, ko yaya aka ƙare da batun 'yancinsu. Takardar ƙarin girma ta zo da kuɗinta. Wanda aka tura ƙauye a ba shi abin da zai kai shi ya dawo da shi. Sannan a manna jadawalin albashin a bangon ofishin kowane sakataren ilimi, mataki-mataki, domin da yawanmu ba mu taɓa ganin takardar da ke nuna me aka biya mu me aka yanke ba. Alat kawai muke gani, wani watan ya ragu da dubu biyu ko uku, ka rasa wanda za ka tambaya.

Ina gayyatar kowane ɗayanku, ba tare da jiniya ko sanarwa ba, ya tsaya a kowace firamare ta gefen hanya a ranar 20 ga wata. Ya kira malamin da ya fara gani, ya ce ya nuna masa alat ɗin ƙarshe a wayarsa, sannan ya bi shi zuwa shagon unguwarsu a buɗe littafin nan a gabansa.

Allah ya yi muku jagora, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin firamare daga Arewa